Yaya Lawal Ba Mahaukaci Ba Ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Lawal, kuma babu wadda ta zo min da sauƙi a cikinsu. Wahala ce kawai. Ya tafi ya bar min matarsa Binta da 'yarsa Hafsa da keken tura alhazai mai karkatacciyar taya, a garin da ni kaina ba ni da igama, wato takardar zama. Gwiwoyina sun ƙare a turin tsofaffi. Ba don a tausaya min nake wannan magana ba. An nemi in tsaya gaban jama'a in ce yayana mahaukaci ne, ni kuwa ba zan faɗa ba, shi ya sa nake so masu karatu su san ko wane ne shi.

Ni aji uku na yi na gudu. Shi ne ɗan bokon gidanmu. Turanci yake koyarwa a wata sakandare a gefen Kano kafin mu zo aikin hajji mu maƙale, mu zama takari, wato 'yan gida mazauna nan, kamar kowa a unguwar Nakkasa. Abin da ya zo da shi daga gida littafi ne guda mai kaurin tubali, na wasannin kwaikwayo da waƙoƙin da Turawan Ingila suka rubuta shekaru aru-aru da suka wuce. In mun dawo daga Harami da la'asar, sai ya zauna a bakin ɗaki ya riƙa juya mana shi da Hausa. A nan na san ashe su ma suna da kirari, suna da zambo, har wawan sarki gare su.

Yakan ce mutanen can na dā ba sa zagi da lalaci. In za su zagi mutum sai sun dube shi daga hula har takalmi, sun gano inda halinsa ya ruɓe, sannan su ɗinka masa zagin daidai jikinsa. Yabo ma haka, soyayya ma haka. Kuma a wasannin nasu, in ji shi, fadawa gyaɗa kai kawai suke yi, wawa ne ke gaya wa sarki gaskiya.

Daga juya na Turawa sai ya fara ƙera nasa. Ya taɓa gaya wa Binta cewa can akan cika shafi guda ana yabon girar mace, don haka yau ita ma za ta sha nata. Ya miƙe tsaye a tsakar gida, ya dafa ƙirji:

Binta mai wanke min riga tana mita,
Mitarki ta fi min gaisuwar sarki,
In kin yi shiru garin nan ba kowa.

Ba ta ko ɗago daga kan tukunya ba. Ta ce, "Malam, tumatir ɗin da na aike ka fa?" Amma na ga bakinta yana rawa don dariya, kuma har yau in tana wanki nakan ji tana maimaitawa ƙasa-ƙasa.

Abin da ya jawo maganar yau a Muzdalifa ya faru. Bayan sallar asuba ne, motoci suna ta tashi zuwa Mina, jama'a kamar a taka mutum. Wata tsohuwa daga gida ta ɓace wa 'yan ayarinta, ba takalmi a ƙafarta, ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya. Sai ta hango Alhaji Bashir, ɗan kasuwar nan da iyayensa suka zo da shi ta Sudan yana ƙarami, tsaye da abokan cinikinsa Larabawa. Tsagar Gobirawa ce raɗau a kumatunsa. Ta kama gefen rigarsa ta ce, "Ɗana, don Allah nuna min hanya." Ya zame rigarsa, ya dubi Larabawan, ya ce, "Ma afham," wai bai gane ba. A gaban idona aka yi. Yaya ne ya ɗora ta a keke, muka yi ta yawo da ita cikin rana har muka gano tantinsu.

Kafin alhazai su watse, Nakkasa ta ɗauki wannan daga bakin Yaya:

Alhaji mai harshen aro,
Fuskarka ta iya Hausa, bakinka ya manta.
Ka kuskure shi da sabulun Larabawa,
Nonon da ka sha bai fita ba.

Bai zagi uwarsa ba, bai zagi ubansa ba, bai taɓa dukiyarsa ba. Abin da ya yi kawai ya faɗa. Alhaji ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Shisha, kuma tun daga lokacin ban sake jin ya furta Hausa a waje ba.

Wani lokaci nakan zauna in ce da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Gefen Nakkasa da muka zauna an rushe shi, littafin nan ma a cikin ƙasar rusau ya tafi. Yaranmu in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Zagi kuwa ya yi arha, kowa ya ɗauki waya ya ambaci uban wani ya kwanta, ba tunani ba gwaninta. Na tabbata wannan zai fi rusau ɓata masa rai. Zai ce an mayar da sana'a wasan yara. Su kuma masu yabo, duk mai babbar mota shi ne zaki a bakinsu.

To sai ga shi ɗan Alhaji Bashir, Majid, yana son Hafsa, ita ma tana sonsa. Yaron kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Ni ne waliyyinta. Makon jiya Alhaji ya aiko min cewa ya yarda da auren, amma da sharaɗi guda: ranar ɗaurin aure in miƙe a gaban mutane in ce marigayi yana da taɓin hankali, duk abin da ya faɗa ba cikin hayyacinsa ya faɗa ba.

Hafsa ta same ni bayan magariba, idonta ja. A nan aka haife ta, Hausarta gutsi-gutsi ce, Ammi take kirana, wato baffa. Ta ce, "Ammi, kalma ɗaya ce. Ka faɗa, kalas. Abuya ya mutu, ba zai ji ba."

Na ce, "Ke za ki ji. 'Ya'yanki za su ji. A gidan nan da za ki shiga, kullum sai a dube ki a ce jinin mahaukaci."

Ta ce, "To in rasa Majid saboda waƙa?"

Na ce ta zauna. Na ba ta labarin tsohuwar Muzdalifa, wanda ashe ba wanda ya taɓa gaya mata. Na karanto mata zambon, ina tsayawa ina fassara mata inda ta kasa. Da na kai wajen sabulu sai dariya ta ƙwace mata cikin kuka. Ta ce, "Wallahi Abuya ne ya faɗi wannan?" Ta share hawayenta. Sannan ta ce, "Kada ka ce majnuni ne. Amma ka je ka sami baban Majid, Ammi. Kada ka bar ni haka."

Kabarin Yaya ba alama, haka ake binne kowa a nan, ko ni ba zan iya nuna shi ba. Bai bar gida ba, bai bar takarda ba. Abin da ya rage nasa baitoci ne a bakin matarsa da bakina, da kuma sanin da jama'a suka yi cewa ran da mai igama ya juya wa tsohuwa baya, wani takari ya ɗauke ta, ya kuma faɗi abin da ya gani. In na kira wannan hauka, na binne shi karo na biyu da hannuna. Kura-kurai yana da su. Bakinsa ya hana mu aiki a wurare da dama, kuma na sha yi masa faɗa a kai. Allah ya gafarta masa. Amma hankalinsa ɗaya ne har ya cika.

Washegari da safe na sa farar rigata, na hau tasi zuwa Shisha. Na tarar da Alhaji a shagonsa na dabino da turare, masu saye cike. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya: "Alhaji, ina kwana? Yaya iyali?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Esh tibga?" Wai me nake so.

Na ce, "Na zo ba da 'ya ne, ban zo sayar da mamaci ba. In kana son a faɗi wani abu ranar ɗaurin aure, zan ce ɗanka ya fi mu duka kirki, don gaskiya ce. Ɗayar maganar kuwa ko a kabarina ba za ka ji ta ba."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya manta da Larabawan da ke shagon, ya buga tebur har dabino ya zube: "Kai ɗan banza, ƙanen ɗan banza! Mi kaka nema gare ni? Ku barni in sarara mana!"

Gobiranci tsantsa, ko gargada babu. Na ce, "Alhamdu lillahi, ashe dai nonon bai fita ba." Na jawo kujera na zauna, na ɗauki dabino guda daga waɗanda suka zube, na ce, "To Alhaji, tunda yanzu muna jin juna, zauna mu yi maganar yara."