Yaɓen Babana a Ƙal'a

Ubana ba shi da kabari. Wato an binne shi, amma a Makka ba a sa alama, bayan 'yan shekaru wani ake sakawa a ramin. Abin da ya bari a duniya bango ɗaya ne, a wani ɗakin ƙasa cikin tsohuwar ƙal'a, wato sansanin sojan da ke kan dutse. Magini ne, da ƙafa ya zo daga Kano. Da aka sa shi gyaran ɗakin, sai ya yaɓe shi irin na gida, da tafin hannu, sawun yatsu layi-layi kamar kunyar gona. Ina yaye ya rasu. Inna ce ta nuna mini bangon, sau ɗaya.

Shekarun da siminti ya fara cika gari aka ce za a gyara ƙal'ar, a jera tsofaffin igwa da takubba mutane su riƙa kallo. Ina cikin leburori. Mu Takari, mutanen ƙasar Hausa mazauna Makka, dama aikinmu ke nan, ɗauka da sauke. Ranar da aka zo ɗakin, mu'allim, shugaban aikin, ya ce wannan ƙazanta ce, a kankare. Ni ya miƙa wa ƙarfen. Na kankare. Ina da bakuna shida da nake ciyarwa a unguwar Hindawiyya, me zan ce? Da aka shafa siminti, kafin ya sha iska, na faki ido na ja yatsuna a kusurwa, can ƙasa, kamar kamu biyu.

Lokacin Inna ta makance. Da ta ji an buɗe wurin, ta ce sai ta taɓa hannun mijinta kafin ta mutu. Ban gaya mata komai ba. Na goya ta har saman dutsen, rana tana dukanmu. Askarin ƙofa ya dube mu sama da ƙasa, ya ce kada a taɓa kaya. Ni da na ɗauki duwatsun matattakalar da yake tsaye a kai.

Ɗakin fari fat, sai warin farar ƙasa. Na durƙusar da ita, na kai hannunta kusurwar.

“Ga shi nan, Inna.”

Ta shafa a hankali, ta koma farko, ta sake shafawa.

“Sauran fa?”

“Sun rufe. Wannan kaɗai suka bari.”

Ta sake bin sawun da yatsa.

“Wannan jan daga dama ya taso,” in ji ta. “Ubanka bahago ne.”

Ban sani ba. Shekara arba'in da wani abu, ba wanda ya taɓa gaya mini, ni kuma da na tsaya gaban bangon da ƙarfe a hannu ban duba ba.

Ta goge tafinta a zane. “Tashi ka mai da ni gida. Kuma ka bi a hankali, ɗazu ka kusa kayar da ni.”

Ba ta sake tambayar ƙal'ar ba. Ba ta kuma tambaye ni wa ya kankare ba.