Lambar Keken Kaka Buba

Kun dai san Kaka Buba ba ya gama gaisawa da mutum sai ya raba shekarunsa. In ka ce sittin, sai ya ce, "Madalla, mai iyali! Biyu na raba ka, uku na raba ka, biyar ma haka." Ni da na ce sha bakwai, girgiza kai ya yi: "Gwauro. Ba mai raba ka sai ɗaya da kai kanka." Tun da ya bar koyar da lissafi a firamare, unguwarmu Nassarawo kaf ta zama ajinsa.

Keke napep ma sai ya leƙa lambarsa kafin ya shiga. In ta ƙare da biyu ko huɗu, gara ya taka har kasuwar shanu.

"Baba, inji ke tafiya, ba lamba ba!" in ji wani direba.

"Shi ya sa kullum nake ganin kana tura shi."

Amma babbar jarabarsa ita ce lambar da ke ƙarƙashin sirdin tsohon kekensa, mai alƙaluma tara, da bakwai a ƙarshe. Ya rantse ba zai mutu ba sai ya san ko gwauruwa ce. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki gawayi ya gwada ta da lamba ɗaya a bango, har kakata Dada ta ce gidanmu ya koma gindin tukunya. Na ce, "Kaka, waya za ta gaya maka kafin ka yi tari." Ya ce, "To wayar ce za ta sani, ba ni ba."

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, a ƙasa muka gudu. Muna wuce ƙauyen Duvu Kaka ya zube a gindin bishiya, ya ce mu tafi, shi ya gama. Dada ta yi kuka, ta yi roƙo, ko motsi bai yi ba.

Sai na ce, "Kaka, ai na duba lambar nan a waya. Bakwai na raba ta."

"Bakwai? Ƙarya kake, ja'iri!"

Wallahi zumbur ya miƙe! Ya biyo ni da sanda yana rabawa da baki, yana zagina. Da ya gama ya nuna min rabon ya bar saura, na ce, "Au, sha uku nake nufi." Haka na yi ta jan shi da ƙarya har muka tsallaka Kamaru.

Da muka dawo, ruwa ya wanke bangon, shi kuma ya manta inda ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Miƙo gawayi. Mu fara daga biyu."

Bai yi nisa ba ya rasu. Ban duba wayar ba, kuma ba zan duba ba.

Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya hutar da ƙafafun nan naka. Wanda Ya san adadin komai, Shi Ya karɓi baƙuncinka.