Wutsiyar Littafin Asabe

Cikin duk shekarun da na yi ina shaƙar ƙurar alli, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da kwamitin ladabtarwa na makarantarmu ya zauna don ya kori Asabe. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna ganin kamar ku kuka fara fama da ɗalibai masu karatun soyayya a ƙarƙashin tebur. To, ku gyara zama.

Makarantar kwana ce ta 'yan mata a gefen Keffi, a lokacin da takardunmu Jos suke tafiya. Kuɗin fetur ya fara zagayawa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas na watannin baya, duk malamin da ka gani ko ya sayi babur ko yana cikin cinikinsa. A kasuwa kuma 'yan gwanjo suka fara baza tsofaffin littattafan Turanci a kan tabarma kusa da takalma, irin masu hoton saurayi da budurwa a bango suna kallon juna kamar ba su da aikin yi. Ɗalibanmu suka afka musu.

Littafi ɗaya ba ya isar ɗakin kwana guda, don haka yaran suka ɓullo da abin da suke kira watanda. A sa reza a bi ƙashin bayan littafi a raba shi kamar saniyar da aka yi karo-karo aka saya: ga kai, ga ƙirji, ga ciki, ga wutsiya. Wadda ta gama kai ta miƙa wa ta baya, ita kuma ta karɓi ƙirji. Wutsiya, wato shafukan ƙarshe, tana zama a hannun mai littafi, sai kin gama sauran ki je ki roƙa. Asabe 'yar aji biyar ce daga Gitata, ita kuma nata salon daban: ba ta taɓa ba kowa wutsiya ba. Da baki take faɗin ƙarshen, a gindin mangwaro bayan abincin rana. Ni ce malamar da ke kula da ɗakinsu, nakan hango su sun kewaye ta, wata na dariya wata na share hawaye da gefen kallabi, in kau da kai in wuce.

Wata Asabar ana duba tsabtar ɗakuna, mataimakin shugabar makaranta, Malam Shehu, ya ɗaga katifa ya ci karo da kan wani littafi, ga sunan Asabe ɓaro-ɓaro a ciki. Malam Shehu mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa a harabar makaranta ba. Ya dubi hoton bango, ya yi a'uziyya, ya daka tsawa guda. Kafin ya rufe baki masu ƙirji da ciki sun miƙo nasu.

Bari in bayyana muku yadda kora take a lokacin. Shugaba ba ta korar ɗaliba ita kaɗai. Sai an naɗa kwamitin malamai uku su duba abin da aka kama, su saurari yarinyar, su rubuta rahoto, shugaba ta sa hannu a tura ma'aikatar ilimi. In rahoto ya ce a kora, an kora. Jarrabawar fita kuwa ta ƙarato. Korar Asabe a wannan lokaci na nufin ba za ta zauna jarrabawar ba, shekara biyar sun tafi a banza, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta taɓa kaiwa wannan aji.

Aka sa Malam Shehu shugaban kwamiti, Mista Bulus malamin lissafi ya zama mamba, ni kuma sakatariya, don a wannan aiki duk wanda ya fi ƙuruciya shi ke riƙe biro. Madam shugaba ta tara mu a ofis ta ce, "Doka ta ce a duba shaida. Ku karanta, ku rubuta mini irin ɓarnar da ke ciki."

"Madam, ai bangon kaɗai ya isa shaida," in ji Malam Shehu.

"Jos ba bango suke tambaya ba, Malam."

Ya ɗauki kan littafin da 'yan yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Mista Bulus ya ɗauki ƙirji, ni kuma aka bar mini ciki. Muka fito kowa da kasonsa, kuma babu wanda ya lura a cikinmu cewa watanda muka yi.

Labarin wata yarinya ce 'yar shekara sha bakwai a wani gari na bakin teku a ƙasar Turawa, ɗiyar mai gyaran agogo, tana ajin ƙarshe a makaranta. Samari biyu ke sonta. Ɗaya ɗan masu hali ne, mai babur da gashi har wuya, baki kamar zuma. Ɗayan yaro ne mai kai madara gida-gida, wanda in ya gan ta sai magana ta ƙwace masa. Babu wani abin ashsha a ciki. Abu mafi muni shi ne an riƙe hannu sau ɗaya, shi ma ruwan sama ake yi. Ni dai ya yi mini daɗi, ban kuma ɓoye wa kowa ba.

Washegari ina cikin aji sai ga Malam Shehu a bakin ƙofa, fuska a murtuke.

"Malama Hajara, ƙirjin nan yana wurin wa?"

"Yana wurin Mista Bulus, Malam."

"Mutumin nan ba ya ɗaukar aikin hukuma da muhimmanci. Tun jiya fa!"

Mista Bulus shi ma yana nasa ƙorafin, wai an sa shi ya fara bincike daga tsakiya, bai ma san yadda aka yi yarinyar ta haɗu da mai babur ba. A ranar ya rubuta wa aji huɗu lissafi cike da allo, ya koma bayan aji ya zauna da shaida. Aka kaɗa ƙararrawa bai ji ba.

Kafin mako ya zagayo ɗakin malamai ya rabu biyu. Mista Bulus, wanda bai daɗe da sayen nasa babur ɗin ba, ya tsaya kai da fata a bayan mai babur. Malam Shehu ya ce wannan ɗan iska ne, duk uban kirki mai madara zai ba 'yarsa, yaro mai sana'a mai kunya.

"Kunya ake ci, Malam? Mutumin da ya kasa buɗe baki ya ce ina sonki?"

"Kai ba ka karanta inda ya gyara mata keke bai faɗa wa kowa ba? Wannan shi ne so, ba surutu ba!"

Ya faɗi kalmar so da ƙarfi, sai ya tuna inda yake, ya gyara hula ya ce yana nufin a mahangar rahoto.

Masifar ita ce inda ciki ya ƙare. Ranar bikin gama makaranta, samarin biyu suna jiran ta, aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta buɗe, sai ta ga... shafi ya ƙare a tsakiyar jimla. Malam Shehu ya sa aka sake binciken ɗakin kwana, aka juye katifu, aka zazzage akwatuna, aka leƙa har cikin tukwanen kicin. A rubuce, ana neman cikon shaida ne. Ba a samu wutsiya ba.

Ranar zama ta zo. An riga an aika wa mahaifin Asabe, ya taho a keke tun daga Gitata. Kamar yadda aka saba, an sa ta haɗa kayanta tun kafin hukunci, akwatin ƙarfenta yana ajiye kusa da benci a baranda inda tsohon ya zauna. Da muka zo wucewa ya miƙe ya cire hula ya durƙusa wa Malam Shehu, da irin Hausarsa ta mutumin da ba da ita ya tashi ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. An ce an kama ta tana karatu. Ni kuma na ɗauka abin da na kawo ta yi ke nan."

Malam Shehu ya ce za a yi masa bayani, ya shige da sauri. Ni kuwa tsohon ya ba ni tausayi ƙwarai, don na san an riga an gama magana, zaman cika ƙa'ida ne kawai.

Muka jeru mu uku a bayan tebur, Asabe ta tsaya a gabanmu hannuwa a baya, idanunta sun yi ja. Ta amsa cewa littafin nata ne, ta amsa ta san an hana. Zama ya kamata ya ƙare a nan. Sai Malam Shehu ya yi gyaran murya.

"Ina wutsi... ina ragowar shaidar?"

"Babu ita, Malam."

"Amma kin san abin da ke ciki?"

Bai jira amsarta ba ya ci gaba.

"Kwamiti ba zai iya rubuta rahoto a kan rabin abu ba. Sai mun ji ko ƙarshen yana da darasi. Faɗi, wa ta gani da ta buɗe ƙofa? Sakatariya, rubuta."

Mista Bulus ya jawo kujerarsa gaba. Asabe ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi taga inda ake hango ƙeyar mahaifinta, sannan ta sauke hannuwanta ta fara, da wannan muryar ta gindin mangwaro.

Ta ce ba mai babur ba ne, ba kuma mai madara ba. Masinjan makaranta ne ya zo kiran ta. Ta bi shi da rigar bikinta, aka shigar da ita wani ɗaki, ta tarar da mutum uku a bayan tebur. Ba su ɗaga murya ba, suka yi mata tambayoyi, ɗaya yana rubutawa. Suka ce ta kwashe kayanta, babu takardar shaida, babu biki. Mai gyaran agogo ya rufe shagonsa ya zo, ya cire hula ya roƙe su, suka ce za a yi masa bayani. Ya ɗora akwatinta a bayan keke ya tura, tana biye da shi a ƙasa. Mai babur ya ga haka ya ɗauki wata ya tafi biki. Mai madara ya tsaya a ƙofar makaranta yana jira har madarar ta lalace, bai san ta ƙofar baya aka fitar da ita ba. Ba su sake haɗuwa ba.

Malam Shehu ya daki tebur har biro ya faɗi daga hannuna.

"Wane irin ƙarshe ne wannan! Wannan ai zalunci ne! Yarinyar da muka biyo tun daga farko, ba ta cuci kowa ba, ana gab da gamawa? Me ta yi musu?"

"Littafi aka kama ta da shi, Malam," in ji Asabe.

Daga waje muna jin tsohon yana gyara wa kekensa tsayuwa. Mista Bulus ya zura wa silin ido, Malam Shehu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya ce Asabe ta jira a waje.

Rahoton da ya yi mini shifta gajere ne. Kwamiti ya duba shaida ya tarar ba ta cika ba, don haka ba zai iya yanke hukunci ba tukuna. Ɗaliba za ta share gaban ɗakin malamai na mako guda saboda lalata littafi da reza. Shaida za ta zauna a hannun shugaban kwamiti, ana ci gaba da bincike. Madam ta karanta, ta dube mu ta saman tabarau, ta sa hannu. Malam Shehu da kansa ya fita ya gaya wa tsohon ya koma gona, kuma da idona na ga ya kama hannu ɗaya na akwatin ya taya Asabe ɗagawa.

Bayan an gama jarrabawa ya kira ni gefe, ya ce in tambayi yarinyar nan a asirce, don cika fayil, ainihin wa aka aura. Na je na tambaye ta. Ta rufe baki tana dariya.

"Wallahi Malama ban sani ba. Haka na saye shi a gwanjo, ƙarshen ya riga ya fita. Duk littattafaina haka suke, su ne masu araha. Fuskar mai tambaya nake dubawa in ba ta wanda ya dace da ita."

Na kai wa Malam Shehu amsa. Ya ce shi dai ya san mai madara ne. Duk malamin da za shi Jos ko Kaduna bayan nan sai ya ba shi sunan littafin a 'yar takarda, har ya yi ritaya ba a samo ba. Asabe ta ci jarrabawarta, ta yi aikin jinya a garin nan shekaru masu yawa, wasunku ma ita ta karɓi haihuwarku.

Abin da na koya shi ne mu malamai ba mu fi yaran nan ƙarfin zuciya ba, tebur ne kawai ya raba mu. Mun zauna mu uku da manyan takardunmu muna jin tausayin yarinyar takarda a ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba, alhali ga tamu tsaye a gabanmu da akwatinta a baranda. Kowace ɗaliba da za a tsayar a gabanku, ba ta da shafukanta na ƙarshe tukuna, biron da zai rubuta su yana hannunku. Ku ƙwace littafi in doka ta ce ku ƙwace, amma ku karanta kafin ku sa hannu. Fayil ɗin Asabe dai, in gara ba ta cinye shi ba, yana nan a sito, kuma har yau ana ci gaba da bincike.