Shekarar da Nata'ala Ya Bar Cin Goro

Nata'ala ɗan goro ne, jikan ɗan goro. Kakansa ya baro ƙasar Kano da jakuna, ya bi ta Salaga, ya ƙare a Lome. Ubansa ya kafa rumfa a tsohon Zongo na cikin gari, da aka tashi mutane zuwa Agoe kuma ya kwaso huhunansa da iyalinsa ya sake kafa ta a bakin titi. A wannan rumfar Nata'ala ya girma. Tun bai iya alwala daidai ba ya iya tsintar goro, ya ware wanda sankara ta ci, ya yayyafa wa ganye ruwa, ya ɗaure huhu. Yanzu ya doshi hamsin, yana da mata ɗaya, Asibi, da 'ya'ya mata uku, babbarsu Zahida. Mutum ne gajere, mai sanyin magana, ba ya rigima da kowa. Abu ɗaya aka san shi da shi: daga asuba har ya kwanta, bakinsa ba ya rabuwa da goro. Haƙoransa sun yi ja har yara suna tsokanarsa.

Ni akawu ne a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ni ne kuma sakataren ƙungiyar 'yan goro ta unguwarmu, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Muna da al'ada a ƙungiya. Ranar cika-ciki, bayan an ci tuwo an yi addu'ar sabuwar shekara, mukan zauna a zauren shugabanmu, Baba Ɗanmaraya, kowa ya faɗi abin da ya yi niyyar bari ko farawa. Ni kuma in rubuta. Wani ya ce zai daina makara sallar asuba, wani ya ce zai koma makarantar dare. Yawancin niyyoyin nan ba sa kaiwa watan Maulidi, kuma ba mai tuna wa wani, domin kowa yana da tasa gawar.

A shekarar da nake magana, likita ya gaya wa Nata'ala cewa jininsa ya hau, zuciyarsa tana bugu fiye da kima. Da layi ya zo kansa, sai ya ce shi ya bar goro har wata cika-cikin. Aka yi dariya. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Abdulkuddus, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa, wanda rumfarsa ke manne da ta Nata'ala.

"Bawana zai bar goro?" in ji shi. "To Sakatare, rubuta ni ma na bari. In wannan guntun ya iya, ni da barci ma zan iya."

Na rubuta su biyun a layi ɗaya.

Abdulkuddus bai kai Juma'a ta biyu ba. An kawo sabon kaya daga Gana, ya ce ɗanɗanawa kawai zai yi don ya san abin da yake saya, daga nan bai sake waiwayar maganar ba. Nata'ala kuwa ya sha wuya. Ya yi ta hamma a rumfa, kansa yana ciwo, yana yi wa masu zemijan, wato 'yan acaba, tsawa in sun tsaya masa a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Asibi ta riƙa sayo masa asuwaki da citta yana taunawa. Muka zuba ido muna jiran ranar da zai faɗi.

Bai faɗi ba. Maulidi ya wuce, Rajab ya wuce. Fuskarsa ta cika, jan haƙoransa ya fara dusashewa. Matan da ke zuwa saro daga unguwannin Agbalepedo da Be suka fara ce masa ya koma saurayi. Liman ya ambace shi a wajen wani suna, bai kama sunansa ba, amma kowa ya juya ya dube shi. Daga nan zama kusa da shi ya fara yi mana nauyi. Bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba, shi ne ma abin haushin. Ka ɓara goro a gabansa, ya miƙo maka wuƙa, ya ci gaba da tsintarsa. Sai ka ji goron ya yi maka ɗaci. Matanmu a gida kuma suka samu abin faɗa: ga Baban Zahida can, cikin goro yake kwana yake tashi, amma ya bari.

Abdulkuddus ne abin ya fi ci, don shi ne aka rubuta tare da shi.

"Kai bawa, buɗe bakin nan in gani," yakan ce da safe. "Wallahi bayan rumfa kake zuwa ka ci, ka goge da gawayi."

"To ubangidana, biyo ni mana in zan zaga," in ji Nata'ala.

Tsakanin taubasai wannan ba komai ba ne. Amma wasan ya fara canza kama. Sau ɗaya Nata'ala ya sayi huhu bai ɗanɗana ba, ya fito da ɗaci da yauƙi. Ranar Abdulkuddus ya yi ta zagaya rumfuna da guda a hannu yana ba kowa ya gutsura, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa. Bayan azumi kuma ya faɗi maganar da ta wuce wasa. Wata mai saro, Oumou, ta tsaya tsakanin rumfunan biyu tana shawara, sai ya ce mata a hankali, mutumin da ba ya cin goronsa ai ya san abin da yake fesa masa don kashe sankara.

Magana irin wannan ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin Babbar Salla, matan da suka yi shekara da shekaru suna saye wurin Nata'ala suka riƙa wuce shi suna gaishe shi daga nesa. Lokacin ɗaurin aure ne, goro yana tafiya, shi kuwa nasa yana bushewa a ganye. Da ya gano inda maganar ta fito, sai ya sa aka kafa kwano tsakanin rumfunan biyu, ya daina amsa sallamar Abdulkuddus. Asibi ta daina aika tuwo gidan gwaggon mijinta. Tsohuwar, uwar Abdulkuddus, ita ta je wurin Baba Ɗanmaraya da kanta tana kuka, ta ce ba za ta mutu ta bar ɗanta da ɗan wanta ba sa magana ba.

Aka kira zama bayan la'asar, saura 'yan kwanaki watan sabuwar shekara ya tsaya. Abdulkuddus bai yi musu ba. Ya ce shi ya faɗa, ƙarya ce, zai bi matan ɗaya bayan ɗaya ya warware. Na yi mamakin saurin amsa laifinsa, sai da na ga ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro daushe, babba, mai sheƙi, ya ajiye gaban Baba.

A wurinmu sulhu ba ya ƙarewa da baki. Babba yakan ɓara goro guda, ya ba kowanne ɓari, su ci a gaban jama'a. Wanda ya ƙi ci, bai yafe ba. Haka muka taras ana yi.

Baba ya ɓara, ya miƙa. Sai da ɓarin ya shiga hannun Nata'ala sannan tsohon ya tuna.

"Af, ɗana, na manta da niyyarka. Ko ka taɓa shi da leɓe kawai, ya wadatar."

"A'a, Baba," in ji Abdulkuddus. "Ni ban taɓa ganin sulhun leɓe ba. In ya yafe mini, ya tauna. In kuwa sunan da ya yi a gari ya fi masa ni, to ya ajiye, kowa ya gani."

Na duba fuskoki, ban ga mai son ya tsira ba. Kowa ya ɗan matso. Shekara guda muna zaune kusa da mutumin nan muna jin kanmu ƙanana, ga shi yau an kai shi bango.

Nata'ala ya juya ɓarin a tafinsa, ya shinshina.

"Daushe ka samo, ubangidana. Ka yi ɗawainiya."

"Don kai na ajiye shi."

"Na sani."

Ya yi bisimilla, ya sa a baki, ya tauna a hankali har ya ƙare. Ya miƙa wa taubashinsa hannu. Baba ya yi addu'a, aka shafa. A ranar aka cire kwanon da ke tsakanin rumfunan.

Washegari na biya kasuwa kafin in wuce ofis. Abdulkuddus ya riga kowa zuwa, ya ɓara goro ya ɗora ɓari a kan teburin Nata'ala, yana fara'a.

"Bismilla, bawa. Tunda ta karye ai sai a huta."

"Na jiya na gwaggo ne," in ji Nata'ala. Ya tura masa ɓarin, ya ciro asuwakinsa.

Kafin azahar labari ya zaga Zongo, ba yadda Abdulkuddus ya so ba. Ba wanda ya ce Nata'ala ya kasa. Cewa ake yi ya ba da shekararsa guda don zumunci. Oumou ta dawo da wasu mata biyu. Tsohuwar ta aiko masa da fura, shi kaɗai.

Da yamma ina hanyar gida Abdulkuddus ya tare ni a bakin masallaci, kumatunsa cike da goro.

"Sakatare, ka dai rubuta ya ci?"

"Na rubuta."

"Ka rubuta shekara ba ta cika ba?"

"Shi ma na rubuta."

Ya tsaya yana kallon rumfar Nata'ala, inda mata suka durƙusa suna zaɓe.

"To me ya sa ba wanda yake faɗa?" in ji shi. Ya tofar da tuƙa a kwata, ya shiga alwala.