Mama Ihuoma, Mai Jiran Tsofaffi Su Huce

Kullum da safe, kafin warin banda ya cika Baga Road, Mama Ihuoma ta share ƙofar kemis ɗinta, ta fito da dogon benci. Tsohuwar nas ce, kuma ba ta auna jinin tsoho daga zuwansa. Sai ya zauna, ya sha ruwa, sun yi gulmar 'yan Keke Napep tukuna.

Garin nan mun ji ƙarar bama-bamai da ba a mantawa. Shi ya sa ranar da tayar tirela ta fashe a bakin kasuwa, kowa ya watse. Can samari suka dawo suna dariya. Baba Madu mai kifi kuwa, har la'asar hannunsa na rawa, ya kasa ɗaure kwali. Ɗansa Habib ya ce ya isa haka, Baba ya bar rumfa ya zauna gida. Rumfar da ya tsufa a cikinta!

Tsohon ya zo ya zauna a bencin Mama Ihuoma, kai a ƙasa. "Madam, na zama matsoraci."

"Matsoraci? Kai da ka auri mafaɗaciya irin Ya Kaltum?"

Sai da ya yi dariya, sannan ta ce, "Baba, in mutum ya firgita, jiki na sakin wani sinadari cikin jini don ya gudu. Na Habib ya sauka tun ɗazu. Naka, saboda shekaru, yana daɗewa bai sauka ba. Birki ne ya yi sanyi, ba injin ya mutu ba."

Ta jira ya huce, ta auna shi, ta ce gobe asibiti su ƙara dubawa. Sai ta juya kan Habib, wanda ya biyo mahaifinsa. "In ka kulle shi a ɗaki shi da tunani, kana ganin za a samu sauƙi? Bar shi cikin mutanensa."

Yau Baba Madu na rumfarsa, yana yi wa Habib faɗa kan ɗaurin kwali.

Mama, ke ce mai haƙurin jira. Ƙarshen watan nan za ki miƙa wa 'yarki Chinyelu makulli ki huta. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya. Mu kuma, in mun manta da firgici amma tsohon da ke gidanmu bai manta ba, kar mu yi masa dariya. Mu zauna kusa da shi har hannun ya daina rawa.