Zanen fuskar da na goge

Shekarar da sojoji suka ce za su mayar da mulki ga farar hula, ina da ɗan shagon hoto a Gidan Rumji, kusa da tasha. Kowa na neman hoton katin ɗan ƙasa don ya samu yin zaɓe. Ranar kasuwa layi kan kai bakin gudron, wato titin kwalta.

A da ɗaya bayan ɗaya nake gyara hotuna a ordinatar, wato kwamfuta. Akwai ɗan abin gyaran fata da na ƙara wa manhajata. Ni nake nuna masa inda zai taɓa, in cire ƙurji ko ƙyallin zufa, in bar sauran fuskar yadda Allah ya yi ta. Aikin na cin lokaci. Da mutane suka yi yawa sai wani abokin sana'a a Maraɗi ya ba ni wata manhaja mai gyara hotuna gaba ɗaya: ka saita sau guda, ka tafi shan shayi. Ya gargaɗe ni cewa tana shafe hotunan asali ta bar gyararrun in ban ware musu wuri daban ba. Ordinatar ta cika, sai na ƙyale.

A cikin kwanakin nan wani tsoho ya zo daga wani ƙauye ta wajen Cadakori, babban ɗansa na riƙe da hannunsa. Bagobiri ne, zanensa ya tashi daga gefen baki har kusa da kunne, mai zurfi. Ya roƙe ni in dakata ya gyara hula, wai bai taɓa zama gaban na'urar hoto ba. Da na wanke hotunan ranar na ga fuskokin sun yi sumul kamar sabulu. Na ce a raina, hoton kati ne, wa zai duba?

Bayan an gama zaɓe ɗan ya dawo shi kaɗai. Tsoho ya rasu, kuma ba su da wani hotonsa. Yana so in faɗaɗa wancan, mahaifiyarsa ta rataye a ɗaki. Na buɗe hoton, na tarar da kumatu wayam, ko alamar aska babu. Na ce ya dawo jibi.

Kwana biyu na zauna ina mayar da zanen da hannu, layi bayan layi, daga abin da na iya tunawa. Ɗan ba a yi masa aska ba, balle in kwaikwaya daga fuskarsa. Ya karɓa, ya yi godiya.

Kasuwa ta zagayo sai ga shi da hoton naɗe a cikin jarida. Ya ce tsohuwa ta daɗe tana kallo, ta bi zanen da yatsa tana ƙirgawa, sannan ta ce, “Wanga ba malam ba ne.”

Ya tambaye ni a hankali ko na'ura ce ta ɓata hoton. Na ce e, na'ura ce. Ban faɗa masa an gargaɗe ni ba, ban kuma ce ni na zana da hannuna ba. Ya ce ba komai, haka Allah ya so, har ya ba ni haƙuri a kan wahalar da na sha. Ya ajiye hoton a kan tebur ya tafi neman motar garinsu.

Na sha ganinsa a kasuwar hatsi bayan nan. Kullum shi ke fara gaishe ni, ya tambayi iyali da aiki, in amsa ina kallon buhunan gero.