Malam Sama'ila mai gyaran firij ya rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita makaranta aka kira ni daga Dutsin-Ma, aka ce Malam Sama'ila mai gyaran firij ya rasu bayan sallar asuba. Hawan jini ne. An kai shi Rawayau, garinsu, can muka sallace shi. Yanzu na dawo Kurfi.

Ba ɗan'uwana ba ne, kuma ba zan ce aminina ne ba. Firiza ce ta haɗa mu.

Lokacin da maiɗakina ta fara sana'ar ƙanƙara da zoɓo, na ga wata sabuwa fil a kasuwa, sai walƙiya take. Aka ce in fara nuna wa Malam Sama'ila. Ya zo ya kara kunnensa a bayanta, ya ɗan saurara, ya ce, "Malam, fenti ka zo saya ko sanyi?"

Ya nuna min wata tsohuwa 'yar Beljiyam mai tsatsa a gindi. Raina bai so ba, amma na ɗauka. Har yau ita ke aiki a gidana.

Ran da ya ji darasin Gwamnati nake koyarwa a sakandare, sai ya ajiye sukundireba ya juyo.

"To Malam, idan babbar ƙasa ta jefa bam ta kashe wanda ba ruwansa, wurin wa ake kai ƙara?"

Na zuba masa abin da nake faɗa wa ɗalibai, dokar ƙasa da ƙasa, kotunan duniya, yarjejeniyoyi. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Na gode. Amma ba ka ba ni amsa ba."

Sai daga baya na san dalilin tambayar.

Ya yi shekaru a Libiya yana gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, shi da ƙaninsa Habu. A shekarar da jiragen manyan ƙasashe suka yi ta ruwan wuta a can, Habu ya tafi kai wa wani kwastoma kwamfuresar firij, bam ya faɗa wa ginin. Ba a samu gawarsa ba. Malam Sama'ila ya biyo mota ta Agadas ya dawo gida shi kaɗai, ya ɗauki 'ya'yan Habu mata biyu ya haɗa da nasa.

Ban taɓa jin ya zagi wata ƙasa ba. Rediyonsa dai ba ya mutuwa a shago. Ya san su wa ke da kujerar naƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya san wa ke sayar wa wa makamai, har ya fi wasu ɗalibaina. Yana magana hannunsa na aiki.

Ya taɓa ce min, "Shugaban ƙaramar ƙasa in ya yi ɓarna, kotu ake kai shi, kuma daidai ne. Babba in ya yi, sai a ce kuskure aka samu, a kafa kwamiti."

Shi kuwa in ya gyara maka abu ya sake lalacewa, da ƙafarsa zai zo gidanka. Ya taɓa hawo babur tun daga Dutsin-Ma har Kurfi saboda wata waya da ya ce bai ɗaure da kyau ba a firizar tamu. Ban ma kira shi ba.

Wata rana ya roƙe ni in rubuta masa wasiƙa da Turanci. Ya ce shi ba diyya yake nema ba. So yake a rubuta sunan Habu a wani wuri, wani kuma ya fito ya ce mu ne muka jefa. Yaran suna tambayarsa, ba shi da abin faɗa musu.

Na rubuta. Muka tura ta imel wurare uku. Ɗaya ne ya dawo da saƙo, irin wanda na'ura ke turawa da kanta, wai sun karɓa. Na faɗa masa gaskiya cewa ba mutum ne ya rubuta ba. Ya ce duk da haka in buga masa a takarda.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan. Na kai masa dutsen guga. Ya kwance shi, ya duba, ya miƙo min. "Wannan gyaransa ya fi kuɗinsa. Sayi wani, amma mai nauyi."

Sannan ya ce Hafsatu, babbar 'yar Habu, ta samu gurbin karatun lauya.

"Ba na sa ran za ta kai kowa kotu," in ji shi. "Amma dai za ta iya rubuta wasiƙar da kanta. Ka kawo mata kwafin waccan."

Na ce zan kawo cikin satin. Ban kai ba.

Yau na tafi da kwafin wasiƙar a aljihu. Bayan an dawo daga maƙabarta na sa aka kira min Hafsatu zaure, na yi mata gaisuwa, na ba ta. Ta karanta a tsaye har ƙarshe.

"Malam, sun amsa?"

Na ce a'a.

Ta ninke takardar ta sa cikin hijabinta, ta ce, "Ka turo min adireshin wuraren."

Allah Ya jiƙan Malam Sama'ila, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ya haɗa da ƙaninsa Habu, wanda ba a samu gawarsa an binne ba.